Idan suga ya faɗi: tambayoyi da amsoshi kan taimakon gaggawa, daga gida har gadon asibiti

Masu ciwon suga sun fi jin tsoron hauhawarsa, amma faɗuwarsa ta fi gaggawa. Hauhawa kan ɗauki kwanaki ko shekaru tana ɓarna, ita kuwa faɗuwa cikin ƙanƙanin lokaci take taɓa ƙwaƙwalwa, domin ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya, abin da jini ya kawo mata a lokacin shi take ci. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda marasa lafiya, masu jinya da ƙananan ma'aikatan lafiya a Zariya suka fi yi.

Daga wane adadi ake cewa suga ya faɗi?

Ga mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allurar insulin, duk abin da ya gaza 70 a ma'aunin mg/dL faɗuwa ce, a ba shi suga nan take. Idan ya gaza 54, abin ya yi tsanani. Idan kuwa mutum ya kai ga ba zai iya taimakon kansa ba sai an taimaka masa, wannan shi ne mataki mafi muni, ko nawa mitar gwajin suga ta nuna.

Mitocin da ake sayarwa a kemis iri biyu ne. Wata tana ba da manyan lambobi kamar 65 ko 180, wato ma'aunin mg/dL, wata tana ba da ƙanana masu ɗigo kamar 3.6 ko 10.0, wato ma'aunin mmol/L. Ana raba babbar lambar da 18 a sami ƙaramar. Saboda haka 70 daidai take da 3.9, 54 kuma daidai da 3.0. Idan mita ta rubuta LO, sugan ya yi ƙasa har ya fi ƙarfin karatunta.

A wanke hannu da ruwa a busar kafin a tsaga yatsa. Wanda ya gama shan mangwaro ko rake, zaƙin da ya rage a fatarsa zai iya sa mita ta nuna suga lafiya lau alhali ya faɗi. Tsinken gwajin da wa'adinsa ya wuce, ko wanda aka bar gwangwaninsa a buɗe, shi ma yana ƙarya.

Yaya za a gane shi kafin a kai ga gwaji?

Da farko jiki ne ke gargaɗi: gumi mai sanyi, rawar hannu, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri. Idan ba a yi komai ba sai ƙwaƙwalwa ta fara gazawa, magana ta karye, gani ya dushe, mutum ya riƙa faɗa ba dalili, ko ya yi zuru yana kallon mutane bai gane su ba. Daga nan sai jijjiga ko suma.

A wannan mataki na biyu ake yawan ɓata lokaci. Dattijon da bai taɓa zagin kowa ba ya tashi yana zage-zage, sai a ce iska ce, a ɗauko turare, a aika kiran malam. Wani a ce farfaɗiya, wani a ce shanyewar ɓarin jiki, kuma lalle faɗuwar suga kan kashe hannu da ƙafa na ɓangare guda har sai sugan ya dawo. Addu'a ba ta hana ba da suga, a haɗa su tare. Duk mai ciwon suga da halinsa ya sauya farat ɗaya, a ɗauka sugansa ne ya faɗi har sai mita ta ƙaryata.

Masu shan propranolol, wani maganin hawan jini da zuciya, da danginsa ba sa jin bugun zuciya da rawar jiki sosai, gumi ne kawai kan rage musu. Waɗanda suka daɗe da ciwon, ko sugansu ke yawan faɗuwa, jikinsu kan daina gargaɗi gaba ɗaya.

Yana cikin hayyacinsa, yana iya haɗiya. Me za a ba shi, kuma nawa?

Giram 15 zuwa 20 na suga mai saurin shiga jini. A ma'aunin gida, ɗaya daga cikin waɗannan ya isa: cokalin shayi 4 na suga a jiƙa a rabin kofin ruwa, ko ƙwayar suga 3 zuwa 4 irin ta kwali, ko babban cokali guda na zuma, ko babban cokali biyu na garin gulukos a ruwa, ko rabin ƙaramar kwalbar lemo kamar Coca-Cola ko Fanta. A duba kwalbar da kyau, wadda aka rubuta Zero ko Diet ba ta da suga, ba za ta yi komai ba.

A zaunar da shi, a jira minti 15, a sake gwaji. Idan bai haura 70 ba a maimaita. Idan aka yi sau uku bai tashi ba, asibiti za a nufa. Da zarar ya haura kuma, a ba shi abinci mai riƙe ciki, ko burodi yanka biyu, ko tuwo, ko shinkafa idan lokacin cin abinci ya yi, domin sugan da aka jiƙa ba ya daɗewa, maganin da ya jawo faɗuwar kuwa yana nan yana aiki.

Jiran minti 15 ɗin nan yana da wuya. Mai faɗuwar suga ji yake kamar ya cinye tukunya, masu jinya kuma tsoro kan sa su ɗura masa kwalba biyu da faranti cike. Sakamakon shi ne bayan awa biyu mita ta nuna 300, a ƙara magani, dare ya yi sugan ya sake faɗuwa.

Mai shan acarbose, wani maganin ciwon suga, ba a ba shi sugan shayi, domin maganin yana hana hanji farfasa shi. Gulukos tsantsa za a ba shi.

Fura da nono, kunu, madara ko dabino fa?

Waɗannan na bayan farfaɗowa ne. Maiƙo da kauri suna jinkirta fitar abinci daga ciki, don haka fura da nono, kunun gyaɗa, cakulan da madara suna makara. Dabino uku sun kai kimanin giram 15, idan shi ke hannu a ba da shi, amma ruwan suga ya fi shi sauri.

Ya suma, ko yana jijjiga. Me za mu yi a gida?

Kada a ɗura masa komai. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya rufe hanyar numfashi, lemo ko kunu zai gangara huhu, a tsira daga faɗuwar suga a faɗa ciwon huhu mai kisa. Kada a cusa cokali ko yatsa tsakanin haƙoransa. Kada a sheƙa masa ruwa. Sama da komai, kada a yi masa allurar insulin da sunan ai mai ciwon suga ne ya faɗi.

A kwantar da shi a gefensa, a ɗan ɗaga haɓarsa, bakinsa na kallon ƙasa yadda miyau ko amai zai fita. Idan akwai allurar gulukagon, wadda ke ɗaga suga, a yi masa. Idan babu, kuma haƙoransa ba a datse suke ba, ana iya lakato ɗan zuma ko jiƙaƙƙen suga kaɗan a shafa a cikin kumatun da ke ƙasa, ba mai kwarara ba. Abin da ke shiga jini ta nan kaɗan ne, dabara ce ta kan hanya, ba ta maye gurbin asibiti.

Sannan a ɗauke shi a kwance a gefe, tare da kwalayen duk magungunan da yake sha. Ga wanda ke cikin birni ko Tudun Wada, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika tafiya ce mai ɗan nisa. Abin da ake nema a wannan lokacin shi ne wuri mafi kusa da ke da ma'aikacin da zai iya samun jijiya ya sa ruwan gulukos, ko Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko na Wusasa, ko wani da ya fi kusa da gida. Idan ana buƙatar tura shi Shika, a tura bayan sugan ya dawo.

Mece ce allurar gulukagon, kuma yaya ake yin ta?

Gulukagon sinadari ne da jiki ke yi, kishiyar insulin. Ba suga ba ne. Aikinsa shi ne ya umarci hanta ta saki sugan da ta adana. A jikin kwalin za a ga an rubuta Glucagon, a ciki akwai ƙaramar kwalba mai farin gari da sirinji mai ruwa.

A cire murfin kwalbar, a tura duk ruwan sirinjin cikin garin, a juya a hankali har ya narke ya zama garau. Idan ya yi kauri ko gudaji ba a amfani da shi. A zuƙe shi cikin sirinjin, a fitar da iska, a soka a naman cinya ta waje, ko damtse, ko ɗuwawu. Babba da yaron da ya kai kilo 25 ana yi musu miligiram 1, wato duka. Yaron da bai kai kilo 25 ba, rabi. Ba a neman jijiya, shi ya sa matar gida ko ɗa zai iya koyo.

Cikin minti 10 zuwa 15 ya kamata ya motsa. Amai na yawan biyo baya, don haka ya ci gaba da kwanciya a gefe. Da ya farka ya iya haɗiya, a ba shi ruwan suga sannan abinci mai yawa fiye da na ko yaushe, domin an kwashe ajiyar hantarsa. Akwai kuma nau'in da ake fesawa a hanci, miligiram 3, mai suna Baqsimi, wanda aka amince da shi a Amurka a 2019.

Gaskiyar magana, gulukagon ba ya samuwa a yawancin kemis ɗinmu kuma yana da tsada. Mai yin insulin sau da yawa a rana, musamman yaro ko wanda ya taɓa suma, ya tambayi likitansa hanyar samunsa tun yana lafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Ajiyarsa ma sai an kula: ana son firji ko wurin da zafinsa bai wuce 25 a ma'aunin Salshiyos ba, ɗakunan Zariya kuwa a watan Afrilu sun wuce haka nesa ba kusa ba. Kada a bar shi ya daskare.

Akwai lokacin da gulukagon ba ya aiki?

Akwai, kuma dalilin ɗaya ne: idan rumbun hanta babu komai, umarni ba ya kawo hatsi. Wanda ya yi kwanaki bai ci abinci ba, mai ciwon hanta, wanda ya kwana yana shan giya, yaro mai tamowa, da wanda aka riga aka yi wa allurar ɗazu, duk ba a dogara da ita a kansu. Haka wanda ƙwayoyin maganin ciwon suga irin su glibenclamide suka kayar, gulukagon na iya tashinsa na ɗan lokaci sannan ya ƙara tunzura fitar insulin. Waɗannan gulukos ta jijiya suke buƙata.

A asibiti me ake sa masa? Me ya sa wasu ke gudun mai kashi 50?

Ruwan gulukos, wanda ma'aikata ke kira dekstros, yana zuwa da ƙarfi daban-daban: kashi 5, 10, 20 da 50 cikin 100. Lambar tana nufin giram nawa ke cikin mil 100. Abin da ake so a shigar wa babba shi ne giram 15 zuwa 25. Da mai kashi 10, mil 150 zuwa 200 ke nan cikin kamar minti 15. Da mai kashi 20, mil 75 zuwa 100. Da mai kashi 50, mil 50 na ɗauke da giram 25.

Mai kashi 50 shi ya fi yawa a ɗakunan gaggawarmu, kuma yana aiki, amma kauri gare shi kamar zuma. Yana ƙona jijiya, idan kuma allurar ta goce ya zuba ƙarƙashin fata, naman wurin na iya mutuwa har ya zama gyambo. Wanda ba shi da wani sai shi, ya nemi babbar jijiya, ya gwada ta da ruwan gishiri na asibiti (normal saline) ya tabbata allurar na ciki, ya sirka shi da ruwan allura aƙalla ɗaya bisa ɗaya, ya tura a hankali, ya wanke jijiyar bayan ya gama. Idan akwai mai kashi 10, shi ya fi: yana farfaɗo da mutum kamar wancan, bai cika harba suga sama fiye da kima ba. Mai kashi 5 kuwa ya yi rauni ga gaggawa, sai an zuba mil 300 zuwa 400 kafin a kai adadin.

Bayan minti 10 zuwa 15 a sake gwaji. Idan har yanzu ƙasa yake a maimaita. Idan ba zai iya ci ba, ko maganin da ya kayar da shi mai dogon zango ne, a rataya mai kashi 10 yana ɗiga, ga babba kimanin mil 100 a awa, ana daidaitawa da abin da mita ke nunawa. Mashayi ko wanda yunwa ta rame a haɗa masa da thiamine, wato bitamin B1, amma ba a jinkirta gulukos don jiran sa.

Idan suga ya dawo daidai mutum bai farka ba bayan kamar rabin awa, a nemi wani dalilin: shanyewar jiki, sanƙarau, zazzabin da ya hau kai, rauni a kai lokacin faɗuwa, ko kumburin ƙwaƙwalwa saboda daɗewar faɗuwar.

Yara fa?

Ba a tura wa yaro mai kashi 50 yadda yake. Mai kashi 10 ake ba shi, gwargwadon nauyi. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta kula da yara a asibiti ta ce mil 5 ga kowane kilo, wasu jagororin kuma suna farawa da mil 2 su maimaita idan an buƙata. Idan babu mai kashi 10 ana haɗa shi: kaso ɗaya na mai kashi 50, kaso huɗu na ruwan allura. Yaro mai kilo 12, a lissafin mil 5, zai buƙaci mil 60, wato mil 12 na mai kashi 50 da mil 48 na ruwa. Jariri sabon haihuwa mil 2 ga kowane kilo, mai kilo 3 mil 6 ke nan.

Idan jijiya ta ƙi samuwa, ana ba da ruwan suga ta robar hanci, ko a jiƙa cokalin shayi guda na suga da ɗigon ruwa a sa ƙarƙashin harshe, a maimaita bayan minti 10 zuwa 20 har a sami jijiya. Yaro mai tamowa da ke iya sha ana ba shi mil 50 na ruwan suga mai kashi 10, wato cokalin shayi guda mai tozo a babban cokali uku na ruwa, sannan a fara ciyar da shi duk awa biyu dare da rana.

Ba a ba wa yaron da bai shekara ba zuma. Jaririn da mahaifiyarsa ke da ciwon suga a sa shi a nono cikin awar farko, a gwada sugansa ko da ya fito ƙato mai kyan gani, domin irinsu ne sugansu ke faɗuwa a ranar farko.

Ya farka yana hira. Me ya sa likita ya hana mu tafiya gida?

Saboda abin da ya sha. Glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, yana tilasta wa jiki fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, aikinsa kan kai awa 24, idan ƙoda ta raunana kuma ya wuce haka. Gulukos ɗin da aka tura ta jijiya cikin awa ɗaya ko biyu ya ƙare. A sallami tsoho da la'asar yana dariya, tsakar dare sugan ya sake faɗuwa yana barci, babu mai gani. Don haka irin wannan ana kwantar da shi aƙalla kwana ɗaya, sau da yawa biyu, ana gwaji akai-akai. Idan sugan ya ƙi tsayawa duk da ƙarin ruwa, akwai allurar octreotide, wadda ke hana fitar insulin, ga babba maikurogiram 50 a ƙarƙashin fata duk awa 6 zuwa 8.

A ganinmu, wanda ya manyanta ko mai ciwon ƙoda bai dace ya zauna kan glibenclamide ba don kawai ya fi araha. A cikin magungunan ciwon suga, gliclazide bai kai shi haɗari ba. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake kayar da suga ba. Duk yaron da ya haɗiyi ƙwayar kakarsa irin glibenclamide kuwa, ko da guda ɗaya ce, a kai shi asibiti ko yana wasa.

Ban sauya adadin insulin ba, me ya kayar da ni?

A fara duba sirinji. Insulin mai U-100, wato mai yunit 100 a kowane mil, sirinjinsa U-100 ne, galibi mai murfi ruwan lemo. Sirinjin U-40 galibi jan murfi gare shi. Wanda ya zuƙi insulin U-100 a sirinjin U-40 har layin 20, yunit 50 ya yi wa kansa, ninki biyu da rabi.

Sauran dalilan: yin allurar insulin irin Actrapid ko Mixtard sannan abinci ya makara, rashin girgiza insulin mai gajimare kafin zuƙa, wuni a gona ko doguwar tafiya a ƙasa, amai da gudawa, ramewa, raunin ƙoda, da haɗa maganin asibiti da jiƙon gargajiya ba tare da gwaji ba. Komawa soka allura a sabon wuri bayan an daɗe ana yi a wurin da ya yi tauri ma yana sa insulin ɗin ya shiga da ƙarfi.

Wanda ba shi da ciwon suga, nasa na iya faɗuwa?

Ƙwarai. Da damina, zazzabin cizon sauro mai tsanani na kayar da sugan yara da masu juna biyu, allurar kwinin kuma tana ƙara abin domin tana sa jiki fitar da insulin. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fifita allurar artesunate a kan ta kwinin wajen maganin wannan zazzabin. Duk yaron da aka kawo a sume ko yana jijjiga a gwada sugansa kafin komai. Giya a kan yunwa, ciwon hanta da cutar da ta shiga jini su ma suna jawo shi.

Ina azumi sai na ji alamun. In daure zuwa magariba?

A'a. Idan mita ta nuna ƙasa da 70, a karya nan take ko saura minti goma a kira salla, haka idan ta haura 300. Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Tsaga yatsa don gwaji ba ya karya azumi a wurin jumhurun malamai. Tsakanin la'asar da magariba ne aka fi faɗuwa, a yi gwaji a lokacin. A jinkirta sahur, a kuma ga likita makonni kafin Ramadan domin sauya adadi da lokacin magani. Azumin Litinin da Alhamis da Sitta Shawwal ma hukuncinsu ɗaya ta fuskar magani.

Babu mita, ba mu san hawa ya yi ko sauka ba.

A yi masa maganin sauka. Idan ashe hawa ya yi, cokali huɗu na suga ba za su ƙara masa wata illa ta a zo a gani ba kafin a isa asibiti. Idan sauka ce aka tsaya shakka, ƙwaƙwalwa ce ke biya. Mai sauka yakan jiƙe da gumi, abin ya zo masa farat ɗaya. Mai hawa yakan yi kwanaki yana ƙishirwa da yawan fitsari, fatarsa da harshensa a bushe.

Direba ne, ko ɗan acaɓa. Yaushe zai koma kan hanya?

Idan alamun suka zo yana tuƙi, ya gangara gefe ya kashe inji, ya sha suga. Bayan mita ta nuna ya haura 90, ya ƙara jiran minti 45, domin ƙwaƙwalwa kan makara wajen dawowa bayan jini ya daidaita. Mai yin insulin ya gwada kafin ya kama doguwar hanya kamar Kano ko Kaduna, a tafiya kuma duk awa biyu. Ƙwayoyin sugan kwali su zauna a aljihun rigarsa, ba a but ba, tare da 'yar takarda mai ɗauke da sunan ciwonsa, magungunansa da lambar wanda za a kira.